Rawar da Kyamara Ba Ta Gyarawa

Litinin, 7 ga Oktoba

Matata Kinuyo ta ce in ɗauke ta hoton jana'iza, irin wanda ake ɗorawa a tsakiyar furanni. Haka kawai, muna karin kumallo. Na ce Mama, wace irin magana ce wannan da sassafe? Ta ce, "Baba, duk matan ƙungiyarmu ta saƙa sun yi nasu. So kake ranar nan Mizuho ta zauna tana yanko kaina daga hoton bikin wani?" 'Yar tamu kuwa za ta aikata.

Ta kafa sharuɗɗa: a kicin, kan kujerarta ta ƙarƙashin kalanda. Ba ɗora kyamara a kan ƙafa-uku, ba hasken filasha. Wai da ta ga an kafa kyamara sai fuskarta ta koma ta fasfo. Na ce sha kuruminki. Tun ina saurayi nake sayar da kyamara a garin Suwa, kuma duk wani hotonta mai kyau ni na ɗauka. Wannan ma ba wanda zai ɗauka sai ni.

Laraba, 9 ga Oktoba

Duk hotunan sun fito dishi-dishi. Duka. Abin da muke kira tebure, wato rawar hannu. Ni Tsunehiko!

Asabar, 19 ga Oktoba

Nagamine-san ya dawo da kyamarar da ya saya, ransa a ɓace. Ya ɗauki 'yarsa tana tsere a wasan makaranta, yarinya ta fito kamar hayaƙi. "Ba ka ce tana da maganin rawa ba?" Na nuna masa shingen da ke bayanta a hoton, kowace waya ta fito tas. Na ce, "Nagamine-san, rawar hannunka take gyarawa. Ba ta riƙe maka yarinya. In yarinyar kake son a riƙe, sai ka kira uwarta." Ya yi dariya, ya sayi jaka. Na gaji da maimaita wannan bayani, har a mafarki ina iya yin sa.

Na sake gwada ɗaukar Kinuyo da yamma. Dishi-dishi ne har yanzu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na daina shan kofi. Na rage giya. Ina miƙa hannu a gaban madubi ina kallonsa, ba na ganin komai, amma ai kyamara ta fi ido gaskiya. Kinuyo ta dube ni ta ce, "Ka sha abinka mana." Na ce a'a. Ta daɗe tana kallon kofinta, ta riƙe shi da hannu biyu kamar wani zai ƙwace.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Okutsu-san, wakilin kamfani, ya zo zagayensa. Ya sassauta murya kamar mai sayar da kayan sata: sabuwar kyamara tana tafe, za a nuna ta a baje kolin Yokohama ƙarshen Fabrairu. Na'urar da ke cikinta da wadda ke cikin gilashin gaba suna haɗa kai wajen kashe rawa. "Ko a kan keke kake, Oshima-san, ko a buge kake." Na ce ta wane aji? Ya nuna akwatin gilashi mai makulli.

Kanta uku gare ni a shagon nan. Ta ƙasa ta iyaye ce da 'yan yawon buɗe ido. Ta tsakiya ta masu sha'awa, su ne abincina. Akwatin gilashi na ƙwararru ne, da likitocin haƙori masu son a ce ƙwararru ne su. Rayuwata duka ina faɗa wa mutane ta tsakiya ta ishe su, sauran duk taƙama ce. Yau na ce ya sa sunana a layin masu jira. Okutsu ya ce, "Kai? Za a yi dusar ƙanƙara a watan Agusta." Ban yi dariya ba.

Talata, 10 ga Disamba

Ta bar ƙungiyar saƙa. Wai surutunsu ya ishe ta. Kinuyo ce surutu ya isa? Oho.

Alhamis, 2 ga Janairu

Mizuho ta zo hutun sabuwar shekara. Ita ta yi duk girkin, ta ɗaura wa uwar ɗamarar rigar kimono, suka shige ɗaki suna ƙus-ƙus. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi ta ce, "Baba, ka ɗauki hoton nan haka nan mana, ko da waya ne. Me ya sa sai Maris?" Na yi mata tsawa. Na ce ba da waya za a ɗauki hoton uwarki na ƙarshe ba. Idonta ya ciko. Ta ce, "Kai dai kullum ta cikin gilashi kake kallon mutane."

Ban gane abin da take nufi ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 25 ga Janairu

Sanyi. Tafkin garinmu ya fara daskarewa a gefe-gefe. Kinuyo ta ce, "Har yanzu muna jiran amaryar taka?" Haka take kiran kyamarar. Na ce saura kaɗan. Ta ce, "To. Kada dai in riga ta."

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Okutsu mutumin kirki ne. Ya kawo min sabuwar kyamarar ta gwaji a naɗe cikin ƙyalle, aron yini ɗaya, kada kowa ya gani. Na rufe shago da wuri.

Tana da nauyi, amma da ka sa ido ka taɓa maɓalli, duniya ta tsaya cak. Ban taɓa ganin irinta ba. Kicin ɗinmu duhu gare shi da hunturu, to tunda yanzu ba na tsoron hannuna, sai na bar ƙofar hasken ta daɗe a buɗe fiye da da, don fatarta ta fito da laushi. Na ba ta labarin Nagamine-san, ta yi dariya, na danna.

Ya fi na da muni. Fuskar ta jirwaye gaba ɗaya.

Na faɗaɗa hoton don in ga laifin gilashin, in samu abin faɗa wa Okutsu. Kalandar da ke bayanta ta fito tas. Kowane harafi, har ƙaramin rubutun sunan shagon shinkafar da ya ba mu ita. Ƙusar da aka rataye ta ma.

Na buɗe na Oktoba. Kalanda tas. Na Nuwamba. Tas.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ban buɗe shago ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tun bazara Kinuyo ta sani. Ita da Mizuho suka je asibiti ranar da aka ce min sayayya za su. Ciwon jijiyoyi ne, yana da dogon suna, ba ya komawa baya. Yanzu kanta ne da hannun hagu suke rawa, daga baya tafiya, daga baya haɗiya.

Na ce don me ba ki faɗa ba? Ta ce, "Na ɗauka hoton farko zai faɗa maka. Kai ne fa mai nuna wa mutane shinge." Ta ce, "Da ka bar kofi sai tausayinka ya kama ni. Kuma Baba, ka riƙa kallona kullum da yamma, rabon da ka yi haka tun Mizuho tana goye. Ban so ya ƙare ba."

Na shiga ɗakin ajiya na zauna a tsakiyar kwalaye na yi kuka, ban ɓoye wa kaina ba. Kowane yaro mai koyon hoto ya san ka fara duba abin da ke bayan mutum a hoton. Ni ma na sani. Ina jin na gwammace hannuna ne.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Rana ta fito. Na jawo kujerarta bakin taga, na sauko da kalandar na sake rataye ta a can don kada ta ce na karya sharaɗi. Na ɗauko ƙaramar kyamara daga kanta ta ƙasa, irin ta Nagamine-san. Da haske ya wadata ba a bukatar komai, ƙyaftawar ido ƙofa ta buɗe ta rufe, rawa ba ta samu lokaci ba.

Ya fito tas. Har gashin idonta. In ka gani sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Wannan tsohuwar ta yi. A sa mata baƙin firam, amma ba mai sheƙi ba."

Na ce wa Okutsu ya cire sunana. Ya fara tsokana, ya ji muryata, ya ce to.

Laraba, 5 ga Maris

Wai amaryar ta yi kasuwa a Yokohama, mutane har layi. Madalla da su.

Na wanke hoton firam, yana cikin aljihun tebur a kife. Na wanke wancan ma, na ranar Alhamis, mai dariyar da ta jirwaye. Ban san dalili ba, takarda ce ta rage.

Na manna sanarwa a ƙofa: shago ba ya buɗewa ranar Laraba. Ai dama ba a ciniki Laraba. Ni na ɓalla mata maɓallan kwat, don dai motar bas ba ta jira. Na koma shan kofi, ni nake haɗawa, ni nake kawowa tebur, nata rabin kofi.

A ɗakin jiran likita ta ɗora hannunta a kan nawa. Akwai rawa. Ban duba ta waye ba.