Mai Sayen Gida Ya Ƙi Shan Ruwanmu

Sharaɗa, Kano
1983

Zuwa ga angona Muntari,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya babarka da ƙafarta, yaya mutanen Maigatari? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon cikin da kowa ke yi a unguwar nan.

Gidan da kakanka ya bari har yanzu bai sayu ba. Tun da masaƙu suka fara sako ruwansu cikin kududdufin bayanmu, gansakuka ta rufe shi kore shar, ga wari, har rijiyarmu ta ɗauka.

Jiya dillali ya kawo wani Alhaji. Na cika gidan da turaren wuta, mutumin har ya fara zaɓar wa uwarsa ɗaki. To, ka taɓa ganin baƙo ya zauna ba a ba shi ruwa ba? Na miƙa masa kwanon sha. Ya leƙa, ya sunsuna, ya ce, "Ai azumi nake, Iya." Alhali ga goro a bakinsa! Rabin kuɗi ya taya, ya nemi takalmansa.

Na gaji, Muntari. Allah ya yi maka albarka. Ka ce wa babarka kada ta share ɗakin da ta ware mini a gidanku tukuna, bana ma a nan zan yi Sallah.

Kakarka,
Yelwa