Sunayen Manoman Sawah Rambai Da Aka Raba A Ɗakin Horo

Daga:
Yusnimar Tanjung,
Babbar Jami'ar Tantance Shirye-shiryen Gwamnati,
Ofishin Sakataren Majalisa, Gundumar Lembah Sarunai.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Majalisar Dokoki,
Gundumar Lembah Sarunai.

Litinin, 19 ga Yuni, 2023.

Game da: Ƙorafi kan horon ƙarin sani na 9 zuwa 11 ga Mayu, da halin da ya jefa mutum goma sha ɗaya na ƙauyen Sawah Rambai, tare da roƙon a ɗauki mataki kafin ranar Alhamis mai zuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwa da na tsallake ofishin Sakatare na kawo wannan takarda kai tsaye. Shekara goma sha tara ina aiki a wannan majalisa ban taɓa tsallake kowa ba. Sau biyu na rubuta ta hanyar da aka saba, ranar 30 ga Mayu da ranar 9 ga Yuni, har yau ko "mun gani" ba a ce mini ba. Kwana uku suka rage, shi ya sa.

1. Ranar Talata, 14 ga Maris, bisa umarnin Kwamitin Noma na wannan majalisa, na je Sawah Rambai don tantance shirin rabon irin shinkafa da Sashen Noma na gunduma ya gudanar bara. Mutum goma sha ɗaya suka yarda su yi magana, su ma sai da na yi musu alkawari a farfajiyar masallaci, a gaban limaminsu, cewa sunan kowa ba zai fita ba. A rahotona babu suna ko ɗaya, sai Mai Bayani na Ɗaya, na Biyu, har zuwa na Sha Ɗaya. Abin da suka faɗa ba mai daɗin ji ba ne: irin da aka ba su rabinsa bai tsiro ba, kuma an sa su sa hannu cewa ya yi kyau tun yana cikin buhu.

2. Mai Girma ya san ƙa'idar wannan gida, cewa tafiyar da ba ta da takardar halarta ba a yi ta ba. Ko shayi aka sha da mutum uku sai sun rubuta suna sun sa hannu. Don haka na ba su takardar, suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama ya zauna mu yi hira. Lambar da na ba kowa a rahoto ita ce lambar layinsa a takardar halarta. Haka aka koya mana, haka kowa yake yi a ofishinmu, domin ba a taɓa haɗa takardun biyu wuri ɗaya. Rahoto yana tafiya kwamiti, takardar halarta tana kulle a durowata.

3. Ranar 2 ga Mayu, Pak Hendrizal, shugaban sashen horar da ma'aikata, ya fitar da sanarwa cewa duk jami'in da zai shiga horon ƙarin sani ya kawo fayil na aikin gaske don a yi darasi da shi, kuma wanda bai halarta ba babu ƙarin girma a bana. Na kai masa rahoton Sawah Rambai. Ya juya shi, ya duba jerin sharuɗɗan da ke gabansa, ya ce fayil bai cika ba tunda babu shaidar an yi tafiyar. Na bayyana masa dalilin da ya sa takardar halarta ba ta fita. Ya yi dariya ya ce, "Haba Uni, babbar yaya, hatimi kawai zan buga mata in mayar miki, ko kin ga na yi kama da mai sayen shinkafa?" Sai na ɗauko ta, na maƙala ta a bayan rahoton da hannuna, ta zama shafi na sha bakwai. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na so ƙarin girman nan, shekara shida ina mataki ɗaya.

4. Ranar Laraba, 10 ga Mayu, rana ta biyu ta horon, darasin safe shi ne yadda ake kare masu ba da bayani. Malamin da aka ɗauko daga babban birnin lardi, Dakta Erizal, ya ce ya sami misali mai kyau da kowa ya kamata ya yi koyi da shi. Aka shiga raba takardu. Ina karɓar tawa na ga rubutuna ne, na juya baya, sai ga shafi na sha bakwai da sunaye da sa hannu da lambobin waya, har da dangwalen yatsa na waɗanda ba su iya rubutu ba. An ba mai injin kwafi fayil, shi kuwa ya buga abin da aka ba shi, kwafi talatin da biyu. Dakta Erizal yana tsaye yana yaba yadda na ɓoye sunaye, ana tafa mini. Shi bai taɓa juyawa zuwa shafin ƙarshe ba.

5. Jami'an tantancewa na majalisa mu goma sha huɗu ne kacal. Da yake otal ɗin ba ya ba da ɗakin taro sai kujera talatin ta cika, sashen horo ya cike gurbin da ma'aikatan sassan gwamnati, kuma ba a sanar da mu ba sai ganinsu muka yi. Shida daga cikinsu na Sashen Noma ne, wato sashen da rahoton yake magana a kansa. An ba kura ajiyar nama, an kuma haɗa mata da takardar shaidar halarta. Da na miƙe na roƙi a dawo da takardun, an riga an kawo kwalayen abincin rana, mutane sun fara fita. Kwafi goma sha tara na iya tattarawa. Da na je wa Pak Hendrizal da maganar sauran sha ukun, sai ya ce kayan karatu ne, haƙƙin mahalarta ne, ba a karɓe wa babba takarda kamar ɗan firamare. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ba wanda yake karanta takardun horo.

6. Wani ya karanta. Kasuwar Sawah Rambai ranar Alhamis take ci, ranar da gari yake watsewa sai tsofaffi da masu jego. Ranar Alhamis, 25 ga Mayu, da hantsi, mutum biyu a kan babur suka je gidan Pak Bakhtiar, wanda shekara ashirin ke nan yana riƙe da mabuɗin ƙofar ruwan gonaki. Shi ne na ɗaya a takardar halarta. Ya gaya mini sun yi sallama, sun cire takalma, sun sha kofin da aka kawo musu. Sannan ɗaya ya zaro takarda ya karanta masa maganarsa tiryan-tiryan, har da karin maganar da ya yi, ya tambaye shi cikin ladabi ko ya san wanda ya faɗi haka. Ba su ɗaga murya ba. Da za su tafi sai suka ce a gaida jikokinsa, suka ambaci sunan kowane ɗaya. Ranar Asabar aka karɓe mabuɗin.

7. Ranar 1 ga Yuni suka je wurin ta biyu, kafin mako ya zagayo sunanta ya ɓace daga jerin masu karɓar taki. Ranar 8 ga Yuni na uku ne, kuma 'yarsa da ke koyarwa ta wucin gadi a firamare aka ce ta zauna a gida sai an neme ta. Ranar 15 ga Yuni na huɗu ne. Shi ya ɗan yi musu gardama, ya ce ba zai amsa tambayar mutumin da bai faɗi sunansa ba. Washegari da safe ya tarar da kifin da yake kiwo a kududdufinsa duk sun taso, ciki sama. Ba ni da hujjar cewa wane ne ya aiko mutanen nan, kuma ban zargi kowa da suna ba a wannan takarda. Abin da na sani shi ne mutum ɗaya suke ziyarta kowace Alhamis, ba sa tsallake layi, kuma abin yana ƙara muni. Mutanen ƙauyen ma sun gane, domin kowa yana tune da wanda ya miƙa masa biro a ranar. Yanzu idan na bakwai ya haɗu da na takwas a hanya ko gaisawa ba sa tsayawa yi.

8. Huɗun da aka ziyarta duk sun aiko wa Kwamitin Noma takardar janye maganarsu. Takardun huɗu kalmominsu ɗaya ne, har da kuskuren da aka yi wajen rubuta sunan ƙauyen. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ni ce na tsaya a farfajiyar masallacinsu na yi alkawari.

9. Ranar 12 ga Yuni na kira Dakta Erizal a waya. Ya nuna damuwa ƙwarai, ya ce wallahi bai lura ba. Ana cikin magana sai ya shaida mini cewa ya riga ya sa rahoton cikin kundin darasinsa, kuma an kai wa maɗaba'a, domin zai yi irin wannan horo a gundumomi biyu na maƙwabta a watan Yuli. Na tambaye shi ko shafi nawa ya kai. Ya ce zai duba ya kira ni, har yanzu ina jira.

10. Ta biyar a takardar ita ce Mak Suarni, gwauruwa mai kimanin shekara saba'in, ita kaɗai take zaune a gidan da ta gada daga mahaifiyarta tun da 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Bayan gidanta yana kallon rumbun da aka ajiye irin. Ranar Juma'a, 16 ga Yuni, ta shiga mota tun daga ƙauye ta zo ofishinmu, ta zauna a benci har na dawo daga kwamiti, da ƙullin dafaffiyar ayaba a cinyarta da ta kawo mini. Na yi zaton zagina ta zo yi, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta kawo ƙara ba, ba ta nemi komai ba. Cewa ta yi, "'Yata, wata uku ke nan, ni kuma tsufa ya zo, na manta abin da na gaya miki. Ki karanta mini in ji daga bakinki, kafin su karanta mini."

Ranka ya daɗe, na karanta mata. Sauran goma sun faɗi abin da ya sami gonakinsu ne. Ita kaɗai ce ta faɗi abin da ta gani da idonta: ranar da aka zazzage buhunan iri masu hatimi aka cika su da tsohuwar shinkafa, da motar da ta zo, da mutumin da yake tsaye yana nuna wa leburori. Idan an yi wa mai kifi abin da aka yi masa don ya ce iri bai tsiro ba, ni ban san abin da aka tanadar wa wadda ta ga fuska ba, kuma tsoro nake ji. Na ce mata ina iya cire bayaninta daga rahoton a ranar. Ta ce ai haka aka yi, in bar shi yadda yake, cirewar ma ba za ta goge wanda ke hannunsu ba. Na roƙe ta ta kwana biyu a gidana, ta ce wa zai ba kajinta abinci.

Bisa wannan nake roƙon Mai Girma, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ya ba da umarni a dawo da kwafi sha ukun nan daga hannun duk wanda ya karɓa, sunayensu suna cikin takardar halartar horon, wadda na tabbata sashen horo bai yi sakaci da ita ba. A dakatar da kundin Dakta Erizal a maɗaba'a tun bai fito ba. A mayar wa mutum huɗun nan abin da za a iya mayarwa. A soke sharaɗin kai takardar halartar masu ba da bayani wurin horo, a kuma daina zaunar da wanda ake tantancewa a aji ɗaya da mai tantance shi ba tare da sanarwa ba. Takardar shaidar da aka ba ni a ƙarshen horon na haɗo ta da wannan, ba na bukatarta, kuma duk hukuncin da ya dace da sakacina zan karɓa.

Amma duk waɗannan suna iya jiran zaman kwamiti. Wanda ba zai jira ba shi ne ranar Alhamis, 22 ga Yuni. Ina roƙon Mai Girma ya tura motar majalisa mai tambari, da ɗan majalisa ko da guda ɗaya, su tsaya a ƙofar gidan Mak Suarni tun safe har kasuwa ta tashi, don masu babur su san cewa maganar da za su karanta ta majalisa ce, ba ta tsohuwa ita kaɗai ba.

Idan hakan bai samu ba, ina roƙon a ɗauki wannan sakin layi a matsayin neman hutun kwana ɗaya. Zan shiga motar farko in je in zauna a barandarta. Ba ni da ƙarfin hana kowa komai, amma ni na rubuta takardar da ke aljihunsu, kuma idan sun tambayi wanda ya faɗa, zan ce su fara da wadda ta rubuta. Ita dai Mak Suarni ta ce za ta dafa kofi na mutum huɗu: ni da ita, da masu babur ɗin biyu.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya kuma ba shi ikon duba wannan takarda a yau.

Taka mai biyayya,

Yusnimar Tanjung
Babbar Jami'ar Tantance Shirye-shiryen Gwamnati

Abin da aka haɗo: sanarwar 2 ga Mayu, takarduna na 30 ga Mayu da 9 ga Yuni, takardar shaidar horo, rahoton Sawah Rambai, shafi goma sha shida.