Suna Kwantar Min Da 'Ya A Cikin Dusar Ƙanƙara

Assalamu alaikum Anti Larai.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma a nan ba ni da wanda zan faɗa wa sai bango. Tun ina gida nake karanta filinki a waya, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba.

Ni 'yar Kontagora ce, can aka haife ni, can aka yi min aure. Wata bakwai ke nan da na biyo maigidana wani gari a arewacin ƙasar Norway, inda yake ƙaro karatu kan kiwon dabbobi. 'Yarmu ɗaya, Zaituna, shekararta ɗaya da wata tara. Lokacin da muka zo rana ba ta faɗuwa, sai mun duba agogo muke yin Magariba. Yanzu kuwa ta tafi ko sallama babu. Wajen sha ɗaya na safe gari ya yi fari-fari kamar zai waye, kafin biyu na rana duhu ya dawo. Sanyi kuwa, Anti, ni da nake ƙorafin sanyin Kontagora, na nemi gafarar Allah. Na taɓa shanya ɗankwali a baranda, na ɗauko shi a sandare kamar faifai.

Fita da Zaituna ma aiki ne. Singileti, rigar ulu, wata rigar a kai, safa biyu, sannan wata ƙatuwar riga mai haɗe da wando, da hula, da safar hannun da take cirewa da haƙori. Sai na gama haɗa gumi, mun kai bakin ƙofa, ta tsaya cak ta zuba min ido, na san ta yi kashi. A koma a kwance komai.

Da safe ina zuwa ajin koyon yarensu, ita kuma babanta ya ajiye ta a gidan renon yara, in ɗauko ta ƙarfe uku. Makonni uku da suka wuce malamarmu ba ta da lafiya, aka tashe mu da wuri, na ce bari in biya in ɗauki 'yata. Na iso wajen sha biyu da rabi, dusar ƙanƙara tana zuba. A tsakar gidan, ƙarƙashin wata rumfa wadda ko bango ba ta da shi, na ga kekunan tura jarirai a jere, sun kai goma. Na ɗauka ajiye su aka yi. Har na wuce, sai na ga wani ɗan tururi yana tashi daga cikin ɗaya. Na leƙa. Yaro ne a ciki, Anti, ɗan mutum, yana barci. Na leƙa na biyu, haka. A na huɗu na ga jar hular da na saƙa wa Zaituna da hannuna.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Salati nake, ina kiran sunan mahaifiyata da ta rasu shekara shida. Na fizgo yarinyar, ta farka a firgice tana kuka, sauran ma duk suka tashi. Mai renon ta fito da gudu, amma da ta gane abin da ya faru sai ta yi murmushi. Murmushi fa! Ta nuna min buhun barcin da suke zura su a ciki, da shimfiɗar ulu, da wani ma'aunin sanyi a jikin ginshiƙi, wai in ya wuce iyaka sukan shigar da su ciki. Wai a waje yara sun fi yin barci mai daɗi. Sannan ta ɗauko takarda ta nuna min sa hannun maigidana. Tun ranar farko ya sani, ya kuma amince.

Da na tare shi da maganar bai ko musa ba. Wai ya san in ya faɗa min ba zan yarda ba, zan bar ajina in zauna a ɗaki ina kuka kamar watanmu na farko. Wai kowane yaro a garin haka ya tashi. Mutumin da aka haifa a rugar da ke bayan Mashegu, wanda uwarsa ba ta yarda a fito da jariri ko da hantsi in ana sanyi, yau shi ke yi min bayanin amfanin iska. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Akwai wata Agatha, 'yar Dukku ce ta wajen Rijau, nas ce a nan, shekararta tara a ƙasar. Ita kaɗai nake jin Hausa a bakinta in ba maigidana ba. Na kira ta ina kuka, sai ta yi dariya, wai 'ya'yanta uku duk haka suka yi barci, ga su nan kamar 'yan maruƙa. Na kashe wayata. Na ce a raina ita ma ƙasar ta cinye ta.

Kuskuren da na yi shi ne na ba ƙanwata labari, ita kuma bakinta ba ya riƙe magana. Kafin kwana biyu zance ya kai kunnen surukata, Adda muke ce mata. Adda ta sa aka kira mata mu, ta ce ita a saninta kifi ake sa wa a ƙanƙara, ba jikarta ba. Ta ce akwai wani ɗan garinmu da zai koma gida da iyalinsa ƙarshen wata, a ba su Zaituna su kawo mata. Maigidana ya ce babu inda za ta, kuma ba za a cire ta daga gidan renon ba. Ni ce a tsakiya. Yarinyar da ban fi wata biyu da yayewa ba, yaya zan yi in sa ta a jirgi in dawo ɗaki ni kaɗai?

Kafin a yanke magana, Adda ta ce in dinga gasa ta kullum, don sanyin da ya shiga ƙirji in ba a kore shi da wuta ba zama yake yi. Gidanmu akwai hita mai ɗumama ɗaki, amma ɗuminta ba ya ratsa ƙashi. Da ma na zo da kaskon turarena daga gida, sai na ga ya yi ƙanƙanta, na samo wata tsohuwar tukunyar ƙarfe. Gawayin gashin nama na saya a kanti, har mai kantin yana kallona don wai ba lokacinsa ba ne. Da mun dawo ƙarfe uku sai in hura shi a baranda, in ya yi jajir in shigo da shi ɗakin barci, in rufe ƙofa, in toshe ƙasanta da tsumma. Tagoginsu kuwa madalla, ko iskar allura ba ta shiga. Akwai wani abu a silin mai ihu in ya ji hayaƙi, ranar farko ya kusa tara min maƙwabta, shi ya sa nake cire masa batir, in mayar kafin maigidan ya dawo ƙarfe shida. Ina barbaɗa turare a kai, shi ya ɗauka ƙamshi kawai nake yi. Tunda ya iya ɓoye min nasa, ni ma na iya.

To ga abin da ya fi tayar min da hankali. Duk da gashin nan, sanyin ya riga ya kama ta. Da yamma sai ta yi laushi, ta yi ta barci, in tashe ta da ƙyar. Sau uku tana amai. Jiya ta miƙe za ta zo wurina, ta yi tangaɗi ta faɗi. Ni ma kaina kamar ana sara shi da gatari, ga jiri, ga tashin zuciya, na san baƙin ciki ne. Abin mamaki, da safe garau take tashi, ranar Asabar da Lahadi kuma da babanta yake gida ba ta zuwa renon, lafiyarta ƙalau. Wannan bai isa shaida ba cewa barcin wajen ne yake kashe min ita?

Ranar Juma'ar nan maigidana zai yi tafiyar kwana uku da 'yan ajinsu. Na yi niyyar in hana ta zuwa ko'ina, in sayi babban buhun gawayi, mu shige ɗaki ni da ita, wuta ba za ta mutu ba har ya dawo, ko Allah zai sa sanyin ya fita gaba ɗaya. In bai fita ba, in ba wa Adda ita, ko in bi maganar mijina? Ki faɗa min gaskiya, Anti.

Taki,
Uwar Zaituna, daga ƙasar da rana ta gudu.

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kafin ki karanta layi na gaba, in akwai garwashi a ɗakin nan, tashi ki fitar da shi waje, ki buɗe taga da ƙofa, ki ɗauki Zaituna ku fita. Wasiƙata za ta jira ki.

Shekarata goma sha ɗaya ina amsa wasiƙu, ban taɓa karanta wadda ta tsorata ni irin taki ba. Ba kekunan da ke cikin ƙanƙara ne suka firgita ni ba, tukunyarki ce. Ban tsaya kan sanina ba, na kira wata likitar yara na karanta mata, tun ban kai ƙarshe ba ta katse ni. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, ko hayaƙi ya ɗauke tana nan. Alamunta su ne waɗanda kika lissafa da hannunki: ciwon kai, jiri, amai, tangaɗi, barcin da ake tashin mutum da ƙyar. Ƙaramin yaro ta fi saurin kayarwa. Kin ce Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau. Sake dubawa, 'yata. Ranakun da ba ta zuwa reno su ne ranakun da babanta yake gida, ba kya hura wuta. Awa uku kike yi, dawowarsa ce take fitar da ku. In ya yi tafiyar nan, kwana uku ba wanda zai buɗe muku ƙofa.

Yau ɗin nan ki kai ta asibiti, ke ma a duba ki, ki faɗa musu gaskiya gawayi ne, don su san abin da za su nema. Ki kira Agatha ta raka ki. Kin kashe mata waya, amma wadda ta raini uku a ƙasar nan ba za ta riƙe ki da wannan ba. Batirin nan kuma ki mayar, kada ki sake taɓa shi.

Ban ce ke muguwar uwa ba ce. Tsoro ne ya sa ki, kuma ko ni na leƙa keke na ga jikata a cikin ƙanƙara, ihun da zan yi sai ya fi naki. Adda ma ba ta nufe ku da sharri ba. Abin da ta sani ta faɗa, a ɗakin da iska ke shiga ta jinka ta fita ta ƙofar zana, kuma ko a gida gawayi ya sha kwantar da mutane a ɗakin siminti. Ba ta taɓa ganin tagar da kika yaba ba.

Barcin waje kuwa al'adarsu ce, kuma ke da kanki kin ga buhun barci da ulu da ma'auni. Ki koma gidan renon da rana, ki zura hannu ta bayan wuyan Zaituna tana barci, ki ji ko da ɗumi. In har zuciyarki ba ta kwanta ba, ku je ke da mijinki ku nemi a dinga kwantar da ita a ciki. Ke uwa ce, kina da bakin magana, ba sai kin yi yaƙi a ɓoye ba.

Maigidanki ya yi laifi. Ya yanke hukunci kan 'yarku shi kaɗai, ya mayar da ke wadda ba za a iya yi wa bayani ba, kuma ɓoyonsa ne ya koya miki naki. Sai dai nasa ya jawo fushin kwana huɗu, naki ya kusa jawo abin da ba na son rubutawa. Ki faɗa masa komai kafin ya ɗauki jaka, tukunya da tsumma da batir. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, sannan ki faɗa masa naki ciwon. Maganar Adda kuma shi zai tare ta, uwarsa ce. Ku dinga nuna mata yarinyar a waya tana wasa tana cin abinci. Ban ga dalilin raba Zaituna da ke ba, kada ki ba da ita.

Yanzu ga masu karatu. Al'adata ce in sauya suna da gari don rufin asiri, yau ban sauya ko harafi ba, kuma ina neman afuwar mai wasiƙar. Ba ta bar lambar waya ba. Sau huɗu na tura amsa ta adireshin da saƙonta ya fito, shiru. Yau Alhamis. Duk wanda ya san wata 'yar Kontagora a Norway mai 'ya Zaituna, ko Agatha 'yar Dukku, ko Adda ta wajen Mashegu, ya ajiye abin da yake yi ya kira su yanzu.

Ke kuma 'yata, Allah ya tsare ki, ya raya Zaituna, ya dawo muku da rana lafiya. Ba na buƙatar godiya ko dogon bayani. Ki rubuto min layi ɗaya kawai, ki ce kin kashe wutar. Wayata tana hannuna.

Anti Larai.