Fuskarki ta koma kore, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Ranar Laraba na sauke hotonki daga bango zan goge, sai na ga ba ke ba ce. Fuskarki ta yi kore-kore kamar ruwan kududdufi, tsagar kumatunki ta ɓace. Tun ranar ban buɗe littafi ba, ni da kike cewa karatun soyayya zai ƙona mini tuwo.

Kin san hoton nan shi ke nan gare mu. Duk rayuwarki kin ƙi tsayawa gaban mai hoto, sai ranar sunan jikarki Amina kika yarda, kina cewa, "Sau ɗaya ne, kada a saba."

Baban Amina ne ya kawo abokinsa mai shagon hoto a unguwar Yara, da wani sabon fim na kyamara. Wai baƙi da fari ne, amma da maganin hoton kala ake wanke shi. Ana iya buga shi a takarda irin ta da, da hannu, a ɗakin duhu, irin hoton Baba na soja da har yau bai sauya ba. Ana kuma iya aikawa Jos, inji ya fitar a takardar kala. Suka zaɓi inji, wai ya fi sauri, ya fi ƙyalli. Ba wanda ya tambaye ni, alhali uwata ce.

Na nuna wa Baban Amina. Ya leƙa, ya ce ai hoto ne kawai, in yi miki addu'a. Kamar ba na yi! Shi da hotunansa na kwaleji suka cika falo.

Fim ɗin yana shagon. Masu hoto ba sa ba da fim, wai haka sana'ar take. Na aika, mai shagon ya ce zai sake turawa Jos. Wato in sake zuba ido kina narkewa a bango.

A littattafaina miji kan ƙetare kogi saboda hawayen matarsa. Nawa ko Yara ya kasa zuwa.

Inna, na fara manta wane ido kike runtsewa in za ki yi dariya. Jiya na yi ta tunani har la'asar, ban gano ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki.

Gobe da safe zan je shagon da ƙafata. Ba zan tashi ba sai ya buga ki a takardar da, ya miƙo mini fim ɗin a hannu.

'Yarki,
Hajara