Zanen Tashar da Ka Rataye a Falo

Al-Aziziya, Madina

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hanifa da yara? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, sai ɗan jirin da ke ɗibana in na daɗe a rana wajen awon titi. Kada ka gaya mata.

Ƙanwarmu Raliya ta turo min hoton falonka. Na ga zanena cikin gilashi, rataye kusa da agogo.

Wata uku na yi ina wannan zanen bayan tashi daga aiki, don kai ka roƙe ni, ka ce kana cikin kwamitin sabuwar tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu. Na fitar da inda bas zai tsaya, inda 'yan adaidaita za su juya, da hanyar ƙafa mai rumfa har bakin ƙofa. Ka ga rubutun Larabci daga Madina, ka ce albarka ce, ka rataye. Wallahi sunayen magudanan ruwa ne a jiki.

Yanzu an fara gina shaguna a filin. Raliya ta ce a bakin kwalta ake sauke Inna, ta dogara sanda har tasha, sau biyu tana zama a hanya.

Ina sa ka a addu'a a Harami, don ba ni da wani wan. Ka sauke zanen ka kai wa kwamiti. In ba za ka iya ba, ka ba Inna ta riƙa fifita da shi in ta zauna hutawa.

Ƙaninka,
Ya'u