Farin Yadin da Na Rataya a Falo

Autana,

Sallama gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a neman da kake yi, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe. Yayarka ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na sa ta yi mini alkawari ba za ta gyara mini magana ba ko da ta yi mata ɗaci. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. A waya kai kake magana, ni kuwa sai "to" nake ta cewa, in an ajiye kuma in rasa abin da na amince da shi. A takarda ba ka da bakin katse ni.

Mu nan kowa lafiya. Ƙafar kawunka ta yi sauƙi, har ya koma shago yana ta yi wa masu saye faɗa kamar da. Goggonka ta zo ta yi mana kwanaki, ta share ɗakunan da ba a buɗewa, ta koma. Maƙwabcinmu mai walda yana nan da surutunsa, haƙoransa ne kawai suka ragu. Ni ma lafiyata ƙalau, haka likita ya ce. Ina ci, ina sha, ina barci. Abincin ne dai duk ɗanɗanonsa ya zama ɗaya tun da innarku ta rasu. Mutane suna tambayata ya haƙuri, ina amsa musu yadda ake amsawa. Ban yi kuka ba, kada wani ya ce maka na yi. Ka san yadda ƙafa take in ka daɗe zaune a kanta, kana ganinta, ka san taka ce, amma ko an mintsine ta ba ka ji? To haka nake tun daga wuya har ƙasa. Ba ciwo ba ne, don haka kada ka aiko da magani.

Sai maganar majigin da ka ce za ka saya mini. Na gane nufinka. Ka ce tun bayan rasuwar 'ya'yan yayarka ba sa zama a gidan nan, gaisuwa suke yi a tsaye su fita, kuma in akwai abin kallon fim da ƙwallo da wasanninsu za su riƙa wuni. Ba ka yi ƙarya ba. Gidan ya yi shiru har ina jin ɗigar famfo daga ɗakina.

Mai shagon da ka yi magana da shi ya zo da yamma da majigi biyu a bayan babur, yaran kuma suka biyo shi kamar an kira su. Na farkon ƙarami ne, sai an kai shi can ƙarshen falo, a rufe taga, a sa labule mai kauri. Ya ce shi ne gwanin fim, wai baƙinsa baƙi ne na gaske. Na ce masa ban taɓa jin an sayar wa mutum da duhu ba, ya yi dariya ya ce Baba ai yanzu duhun ya fi hasken tsada. Aibinsa, duk wanda ya gitta sai inuwarsa ta hau bango, ga shi da nawa. Yaro zai danna abin wasan nan na hannu, mutumin da ke bango ya tsaya yana tunani, kafin ya motsa an kashe shi. Babban jikana ya ce wai wannan majigin tsoho ne irina, sai an kira shi sau biyu yake juyowa. Na biyun ya fi girma, dab da bango ake ajiye shi ya harba hoton sama. Haskensa da ƙarfi, ko taga a buɗe ana ganin ƙwallo, kuma ana dannawa yake amsawa. Fankarsa tana ɗan huci amma ba ta dame ni ba. Mai shagon ya ce fitilarsa za ta yi shekaru masu yawa ba a canza ba. Na ce to ita za ta gaje ni ke nan. Ba wanda ya yi dariya.

Matsalar ba a majigin take ba, a bangon take. Ka san falon nan. Ɓangare ɗaya taga, ɗaya ƙofa, ɗaya kabad ɗin da na kafa da hannuna tun ina aikin kafinta. Bango ɗaya ne ya rage, wanda innarku ke jingina da shi. Ban sani ba ko ka taɓa lura, don ku yara ba kwa kallon bango. Akwai wani tabo mai duhu a tsakiya, faɗinsa kamar ƙaramin faranti, man gashinta ne ya yi shi ta cikin ɗankwali. Ƙasa da shi simintin ya yi sulɓi inda kafaɗunta ke gogawa. Daga dama akwai shaidar yatsu, wannan sabuwa ce, ta lokacin da gwiwa ta fara ba ta wahala sai ta dafa take tashi. Tabon kan ma biyu ne in ka duba da kyau, ɗaya sama da ɗaya, don ta rage tsawo bayan ciwon bayan da ta yi shekarar da ka gama makaranta. A nan ta shayar da ku, a nan take tsince shinkafa, a nan take zama ta yi mini shiru in na ɓata mata rai. Mai shagon, bawan Allah, bai sani ba. Ya sa yatsa a kan tabon ya ce wannan dauɗar ce za ta fara tafiya, a kankare, a cike, a shafa farin fenti. Yayarka ta yi masa ido, sai ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

Duk da haka an gwada a kan bangon yadda yake. Aka sa ƙwallo. Fili ya fito kore har kusan rufi, mutane suna ta gudu a kan wurin zamanta. Duk sanda ƙwallon ya shiga tabon sai ya ɓace, yara su yi ihu, sai ga shi ya fito ta ɗaya gefen. Ƙaramar cikinsu ta ce Kaka ta cinye ƙwallo. Suka fashe da dariya, sannan suka tuna, suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ban ji komai ba. Na ce su ci gaba da kallonsu.

Da safe sai ga mai fenti da bokiti da abin kankara, ya ce kai da yayarka kuka turo shi. Ban yi masa faɗa ba. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofar falo, na sa aka ba shi ruwa, muka yi hirar tsadar kaya har rana ta yi zafi, ya ga ba ni da niyyar tashi, ya ɗauki bokitinsa. Ranar ka kira ka ce mini ba ni da dalili, ka ce innarku ba a bango take ba, ka ce in ba za a yi fenti ba to babu amfanin sayen majigi, a mayar wa mai shi. Na ce maka "to". Wannan "to" ɗin nake so in janye.

Na san ba a bango take ba, Auta, ni na sa ta a ƙasa da hannuna. Hotunanta da kuke ta tura wa juna a waya na gan su duka. A kowanne ta gyara zama, ta gyara ɗauri, ta rufe baki don kada a ga giɓinta. Wannan matar ta baƙi ce. Wadda na zauna da ita, a bangon nan kaɗai ta rage, don shi ne ba ta taɓa yi wa shiri ba. Ba na zama in yi ta kallonsa, in ka ɗauka haka ne. Wucewa nake yi in gan shi yana nan, shi ke nan.

Mai shagon ya ce yana da allo na musamman, amma sai an huda bango an ɗaure shi, ya manne ya rufe wurin ruf, hudar ɗaya kuma a kan yatsun za ta faɗa. Na ce a'a. Sai na tuna majigin da ake kawo mana muna yara, a fili, ba bango ba allo, farin zane ne kawai ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu. Kuma ina da farin yadi a akwati. Ranar da aka je sayo likkafanin innarku na ce a yanko biyu, don kada in sa ku zuwa kasuwa sau biyu. Nawa yana nan a ninke, sabo, ba ya aikin komai.

A nan yayarka ta ajiye biro. Na ce ta ɗauka, ta ɗauka.

Na fito da kayan aikina da na daɗe ban taɓa ba, na fere katako huɗu, na haɗa firam. Mai shagon ya ce majigin kusa ba ya son ko ɗan lanƙwasa, sai yadin ya miƙe kamar fatar ganga. Yayarka ta ƙi yi mini guga, na goge da kaina. Na naɗe bakin yadin a bayan katakon, na matse da wasu siraran katakai, ƙusa ko ɗaya ba ta shiga cikinsa ba, in an kwance zai fito lafiyarsa lau. Na rataye shi daga katakon rufi, ya sauko a gaban bangon ba tare da ya taɓa shi ba, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu.

Yayarka ta yi kuka sosai. Ta ce ita ba za ta kawo 'ya'yanta su yi ihu a kan likkafanin ubanta ba, ta ce mutane za su ce mun kasa saya wa tsohonmu yadi. Na ce mata yadi ne, bai san sunansa ba tukuna. Ta ce to gobe za ta sayo wani irinsa, har wanda ya fi shi. Na ce a'a. Ta ce don me, na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba. Abin da na sani, daga bandir ɗaya aka yanko shi da nata. Mai walda ya leƙo ya gani, ya riƙe baki, ya ce kai tsohon banza, in ka mutu ana tsakiyar wasa fa, ya za a yi da kai? Na ce sai ku jira hutun rabin lokaci. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yaran ba su san ko menene yadin ba, kuma ban yarda a gaya musu ba. Mai shagon ya bar mana na biyun aro kafin ka yanke shawara, sun zo ranar da ba makaranta sun wuni. Sun yi faɗa a kan abin dannawa, sun zubar mini da ruwa a tabarma, ƙaramar ta yi barci a cinyata ana tsakiyar wani fim na dabbobi masu magana. Hoton ya fito tas, ƙwallo bai ƙara ɓacewa ba. Yayarka ta wuni a kicin ta ƙi shigowa, daga baya na gan ta tsaye a bakin ƙofa tana yi wa babban faɗa ya bar ƙannensa su ma su danna.

Ni ba a gaba nake zama ba. Na kai kujerata gefe, jikin kabad, inda nake hango bayan yadin. Ashe hasken yana ratsawa kaɗan. Su suna kallon ƙwallo, ni ina ganin kore da ja suna wucewa a hankali a kan tabon kanta, da kafaɗun, da yatsun.  

Mai shagon zai dawo ɗaukar kayansa ƙarshen makon nan in bai ji daga gare ka ba. To ga amsata. Na biyun nake so, mai zama kusa. Kada ka aiko da allo, kada ka sake turo mai fenti, don zai tarar da ni a bakin ƙofa, kuma bawan Allahn yana da wasu ayyukan. Ban roƙe ka abu mai yawa ba tun da ka tafi. Ranar da aka buƙaci yadin, sirarun katakan baya za ku fara cirewa, a hankali, daga sama. Ku wanke shi. Bayan nan bangon naku ne, ku shafa masa launin da kuka ga dama, ba wanda zai zauna muku a ƙofa.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin. Ka shafa mini kan takwarana da 'yar ƙanwarsa da ban gani ba tukuna. Kawunka da goggonka suna gaishe ka, mai walda ya ce ka ji tsoron Allah ka riƙa kira. Yayarka ma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ita dai hannu ce kawai a takardar nan, ba da yawunta ba. Allah ya yi muku albarka gaba ɗaya.

Ka kira mai shagon kafin ƙarshen mako. Na riga na ce wa yaran su zo.

Ni ne,
Babanka