Dong-pil da zuba giya da hannu ɗaya

Zuwa ga Yaya Ok-bun a Kanada,

Gaisuwa mai yawa daga Tongyeong, da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Allah ya sa gwiwar nan ta bar damunki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kinsan a makaranta an koya min, nine dai na ƙi karɓa. Mu nan lafiya lau. Kawar teku, naman nan na cikin ɓawo da nake sayarwa, ta yi kyau bana, tawa kuma duk kasuwa ba mai kamarta, har daga Busan ake zuwa layi. Mamar yara tace in daina cika baki, nace ai ba cikawa nake ba, dama can a cike yake.

To Yaya, abin da yasa na ɗauki biro ba na dariya bane. Maganar autanmu ce, Dong-pil. Tun da ya faɗo daga tsani a wurin ƙera jirgi kansa ya bugu, jiki ya warke ras, amma mutumin da ya dawo gida kamar an musanya mana. Yaron da ko ido baya haɗawa da manya, yanzu babbanmu a maza Yaya Gap-su yake kira da sunansa gatsau. Ranar bikin girbi ya zuba masa giya da hannu ɗaya maimakon biyu na ladabi, ya sha tasa yana kallonsa ido cikin ido, ko juya kai gefe da ƙarami ke yi wa babba bai yi ba. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kan kifi a teburin abincin da aka ajiye wa kakanni marigaya tun kafin a gama durƙuso. Ni na yi dariya don in rufe, nace ai marigayi Baba ma dama baya son kan kifi. Ba wanda ya taya ni. Yaya Gap-su ya rantse Dong-pil ba zai taka gidansa ba ranar tunawa da Baba wata mai zuwa, wai mara kunya ba zai tsaya gaban hoton ubanmu ba.

Kinsan 'yata Seul-gi, wadda ta gado ƙwaƙwalwata. Aikinta kenan, binciken yadda buguwar kai ke sauya halin mutum. An kira ta Seoul da tayin babban ofis ta ƙi, wai masu faɗowa daga tsani a nan suke, ba can ba. Ta je ta durƙusa gaban Baffanta Gap-su tace masa wurin da Dong-pil ya ji ciwo a kai shine mai ce wa hannu dakata ga babba, ba wurin da ladabi da ƙauna suke zaune ba. Ya tambaye ta to zai warke kafin ranar? Ni ina gefe ina ta ƙifta mata ido har idona ya yi ciwo, tace a'a, wataƙila ma ba zai koma yadda yake ba. A hanya na balbale ta da faɗa, nace ke boko ya cinye miki wayo, ƙarya ɗaya tak ta gagare ki? Tace min, Baba, ita bata taɓa yi wa iyalan majinyata ƙarya ba, ba za ta fara da namu ba, kuma in aka karɓe shi don zai warke, ranar da bai warke ba korarsa za a yi.

Yanzu duk Asabar tana zuwa gidana da Dong-pil. Ta ɗaura masa jan zare a hannun hagu don ya tuna ya haɗa hannu biyu, ni kuma ina zama a matsayin Yaya Gap-su, in ɗaure fuska in turo ciki, kin ga dama na fi shi kyan shugabanci. Buta da ruwa muke gwaji. Wani lokaci ya tuna, wani lokaci ya ce min kai tsohon biri miƙo kofinka. Amma Asabar da ta wuce, ina cikin wasana, ya hango hoton Baba a bango. Ba wanda yace masa komai. Ya tashi ya riƙe butar da hannu biyu, ya zuba, ya durƙusa har goshi a ƙasa, yace wa hoton wai an ce kar ya zo, ko Baba ma fushi yake da shi. Yaya, ni mai bakin nan sai na miƙe. Fita na yi wai zan duba kawa.

Seul-gi tace ba ta da tabbacin zai sake yin haka ranar, kar in je in yi alkawari. To ban yi ba. Amma Yaya Gap-su ke kaɗai yake jin tsoro a duniyar nan, ke kika goya shi. Ki buga masa waya. Kar ki ce yaron ya warke. Ki ce dai ɗan Baba ne, ko da hannu ɗaya ya zuba, Baba zai sha.

Ki gaida maigida Sang-deok, da 'yarki Mi-ja da yaranta. Mamar yara na gaishe ki. Dong-pil ma yace in gaida tsohuwar nan mai faɗa, kiyi haƙuri, haka ya faɗa.

Ƙanenki da ya fi kowa kyau duk gidan,
Man-sik